Igiyar Awon Baba

Na zo yaɓen katangar gidanka, Yaya,
damina ta cinye gindinta ta gabas.
A ƙuryar soro na ci karo da akwatin ƙarfe.
Na buɗe, sai ga hularka ta gashin doki,
gara ta ci rabi, ta rage mini rabi.

Mu biyu Baba ya haifa a bayan Kusugu,
mu biyu muke taka masa ƙasa,
kana jefa tubali yana cafewa a kan gini,
ni ina jan guga.
Ranar da aka zo ɗaukar yara makaranta
rumbu ɗaya muka ɓuya,
ni na haɗiye numfashi, kai tari ya tona ka.
Tari ɗaya, Jafaru, shi ya raba hanyarmu.

Elementare, Midil ta Katsina, sai Zariya,
ka yi akawun kotu har yatsanka ya yi kanta,
jirgi ya kai ka Landan, ka dawo da ciwon ƙirji
da wani shiru da ba mu san ka da shi ba.
Majistare a Funtuwa. Babbar Kotu.
Wata azahar rediyon mai shayi ta kira sunanka:
Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, Kaduna.
Inna ta ce, "Ita ƙarar ina ake ɗaga ta?"
Da ka zo salla ka durƙusa ka ce,
"Inna, aikin Baba ne. Wani ya yi gini,
ni kuma in ja igiya in ga ko ya miƙe."

Ban manta shekarar da rigimar filina
ta hau, ta hau, har ta kai teburinka ba.
Na shiga mota da jakar dabino.
Ka ba ni tuwo, ka ba ni shimfiɗa,
ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.
Da safe ka rubuta ka cire hannunka:
mai ƙara ƙanenka ne.
Wasu uku suka zauna. Fili ya tafi.
Shekara shida ban taka zaurenka ba.
Gidan mai ne a wurin yanzu,
har gobe in zan wuce ina kau da kai.

Direbanka Ilu ne ya ba ni labarin makiyayin
da aka yanke wa hukuncin rataya.
Abokan zamanka biyu suka ce a tabbatar,
kai ka ce a'a.
Shafi arba'in da hannu, wuta ta ɗauke, ka kunna aci-balbal,
don tafintan kotun farko Fulatancinsa na kasuwa ne,
ya ji "na gan shi", ya faɗa "na kashe shi".
Kai kaɗai, har shekara uku,
kafin Kotun Ƙoli ta taka sawunka.
Mutumin ya zo Daura da furfura da ɗan maraƙi.
Ka karɓi gaisuwa, ka mayar da maraƙin.

Da ka ajiye aiki ka dawo gidan ƙasa
ana ta cewa alƙalin tarayya ko bene babu.
Ni ma na faɗa, har sau biyu.
Kakan zauna bakin ƙofa da ruwan zafi a kofi
kana kallona ina ɗora tubali,
ba ka cewa uffan sai, "Ƙane, can ta karkace."
Kuma ta karkace ɗin.

Ƙarƙashin hular na ga abin da na nema
tun ranar sadakar bakwai ta Baba:
igiyar awonsa mai ƙulli goma sha biyu,
ta yi baƙi da gumin hannu.
Na zargi leburori, na zargi ɓera,
har na kori wani yaro a kanta.
Ashe kai ka tafi da ita Kaduna.

Na mayar da hula, na rufe akwati.
Igiyar kam na ɗauka, gādona ce.
Allah ya kai haske inda kake kwance.
Bari in tashi, katangar gabas na jira,
ga hadari ya haɗo ta wajen Zango.